Kwalin da ya tafi Arfa

Da hantsin ranar Arfa na zura hannu ƙarƙashin gadon Kaka zan jawo kwalin katinansa in share wurin, sai hannuna ya sauka a kan tayil. Na durƙusa na leƙa. Ga takalmansa, ga butarsa, kwali babu.

Kaka yana zaune a kan gadon ya jingina da bango, carbi a hannu. Idonsa ya daɗe da tafiya, haske da duhu kaɗai yake bambancewa, amma kunnen nan nasa ba ya barin komai ya wuce.

"Amarya, me kike lalube a ƙarƙashina?"

"Tsintsiya."

"Tsintsiya a ƙarƙashin gado. To, Allah ya bayyana ta."

Na fita, don in na ƙara magana muryata za ta tona ni.

Kakana ne na wajen uwa. Yana saurayi ya yi aiki a gidan wani Bature a Kano, cikin waɗanda suka zo aikin sauraren kumbo a bayan gari. Baturen yana da rediyo a ɗakin baya, ba irin ta jin labarai ba, irin wadda kai ma za ka yi magana a ji ka a wata ƙasa. Sha'awa ce kawai, kamar ta mai kiwon tattabaru. In ya kama wani a iska suka gaisa, sai kowa ya aika wa ɗan'uwansa kati ta gidan waya, shaidar cewa an ji juna. A jikin katin akwai lambar kiran mutum da manyan baƙaƙe, da ranar da aka yi maganar, da yadda murya ta fito, ko tangaran ko da shuu. Aikin Kaka ne ya kafe su a bango da fil.

Shi kuma a ransa ya ware nasa, wato duk katin da ya zo da hoton roka. A lokacin ana gwajin roka a cikin Sahara, da wani dajin yashi can ƙarshen duniya, da wasu tsibirai, kuma ma'aikatan wuraren da yawansu suna wannan wasan rediyon in an tashi aiki. Wani ya buga hoton abin a katinsa, wani ya zana da hannu. Wani ya rubuta a baya cewa an hana su kunna rediyo saboda gwaji, shi ya sa aka ji shi shiru. Wani ya ce ta ranar ta ɗan tashi ta kife. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya ce a ƙone takardun ɗakin duka. Kaka ya ƙone sauran, na rokar kuwa ya ƙulle su a tsumma. Da su ya bi ta Chadi da Sudan, da su ya haye teku zuwa Makka. A hanya ya sayar da agogonsa da bargonsa, bai sayar da su ba, ƙila don babu mai saye.

Ni a Makka aka haife ni, amma a Kano na yi karatu wurin dangin babana, sai da na gama sakandare na dawo. Ni kaɗai ce mai karanta boko a gidan. Don haka kullum bayan la'asar sai Kaka ya ce in kawo kwalin. Ya ɗauki kati ya shafa, ya gane shi ta yagaggen gefe ko ta inda kan sarki ya ɗago, ya faɗi ƙasar da ya fito, ni kuma in karanta masa bayan. Da farko ji nake kamar in yi ihu don gundura. Daga baya abin ya kama ni. Na gano ta waya akwai masu tara irinsu a ƙasashen waje, na yi musayar waɗanda muke da biyu-biyu, na ƙaro wasu da Kaka bai taɓa riƙewa ba. Kwalin ya zama namu mu biyu. Amma ni in ya ɓace zan yi baƙin ciki in ci gaba da rayuwata. Shi mutumin da ba ya gani, ba ya fita sai Juma'a, ban san me zai yi da yammacinsa ba.

Da can a gwangwanin biskit suke, har ruwan mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗiga masa ya yi tsatsa. Sai na mayar da su ƙaramin kwalin dabino, irin na Umma, don ya yi musu cif. Kullum in mun gama nakan liƙe bakin da salatef saboda kyankyasai, kuma na rubuta a sama da manyan baƙaƙe: KADA A TAƁA.

Sana'ar Umma ke nan a lokacin aikin Hajji. Masu hali su sayi dabino don a raba wa alhazai sabil, wato kyauta don Allah, ita da matan layinmu a unguwar Ka'akiyya su zuba a kwalaye su liƙe. A shekarar nan kwalayen sun cika falo, sun cika baranda, har ɗakin Kaka an jera. Kawu, ƙanin Umma, shi ke tuƙa motar kayan da ke kai su Arfa, kuma ya zo ya loda a daren da ya gabata, tun kafin a rufe hanyoyi, ina kasuwa.

Na tarar da Umma a kicin tana tsince shinkafar buɗa-baki.

"Umma, wa ya kwashe kwalayen ɗakin Kaka?"

"Kawunki mana."

"Har na ƙarƙashin gado?"

"Na ce masa duk kwalin da ya gani a liƙe..." Sai ta tsaya. Ta ajiye farantin a hankali.

"Na yi rubutu a kai. Ƙato."

"Da wane rubutu?"

Kawu haifaffen Makka ne, Larabci kaɗai yake karantawa. Duk baƙin boko a wurinsa tambarin kamfani ne.

"Rage murya," in ji Umma. "Baba yana azumi. Ki nemo kawunki tukuna, kada ki ɗaga masa hankali a banza."

Wanda bai taɓa aiki a Arfa ba ba zai gane girman abin ba. Kwalin da ya shiga can ba ya dawowa. A farke shi, a cinye abin ciki, a baje shi a zauna a kai. Rana tana faɗuwa kowa ya kama hanyar Muzdalifa, masu shara su biyo baya da motoci su kwashe duk abin da aka bari a ƙasa. Kuma ba wurin da zan tari tasi in je ba ne, babu mai shiga sai da tasrihi, takardar izini. Abin da nake da shi waya ce da ranar da ke sama.

Na hau matakalar bene inda sabis ya fi kamawa na shiga kiran Kawu. Ba ta shiga. In ta shiga ba ya ɗauka. Unguwa tsit, mazan duk suna can wurin aiki, shaguna a rufe, ko hon ɗin mota ba ka ji. Na kira har wayar ta yi zafi a kunnena. Sai gab da azahar ya ɗauka, ga hayaniyar mutane da ƙarar inji a bayansa.

"Aiwa ya bint, esh fi? Ina aiki."

"Kawu, ka tafi da kwalin Kaka."

"Wane kartun? Ni duk kartun ne a gabana da bayana."

"Na katinan. Yana ƙarƙashin gado, ka haɗa da na dabino."

Shi ma a gaban katinan nan ya girma, kuma ya taɓa shan mari a kansu.

"La haula. Baba ya sani?"

"Bai sani ba. Ka duba motar."

"Mota ta kusa halas. Tun safe muke rabo."

"To ka girgiza waɗanda suka rage. Dabino ba ya motsi, kati yana zamewa. Kuma akwai rubutu a sama da baƙin biro."

"Mushrif yana kallona, ke kina cewa in tsaya ina kaɗa kartun kamar mai kiɗan biki."

"Ka kaɗa, Kawu."

Na ji shi yana jefa kwalaye yana ƙunƙuni da Larabci. Babu a motar. Amma ya tuna abu ɗaya. Umma ta ce masa na gidanmu ya kai wa 'yan gida, don haka tantunan alhazan Nijeriya ya kai su, layi ɗaya. Ya ce in ya samu mushrif ɗin, wato mai kula da su, ya juya baya, zai leƙa.

Na sauko na zauna a ɗakin Kaka don kada ya ga na ɓace. An kunna masa talabijin yana sauraren huɗuba. Ni hoton nake kallo. Fari ko'ina, lema, ruwan feshi yana sauka a kan mutane. Duk wanda kyamara ta nuna yana fifita da wani abu sai in matso in ƙura ido. Guntun kwali ne, ko takardar jirgi, ko murfin abinci.

"Yau kin zama mai son huɗuba," in ji Kaka.

"Da ma ina so."

"Uhm. Numfashinki ne dai kamar wadda ta yi safa da marwa da gudu."

Wayata ta yi ƙara, na fita da sauri har na yi tuntuɓe da butarsa. Kawu ne. Ya samu kwalin, an baje shi, wani dattijo yana zaune a kan rubutuna a ƙofar tanti. Dattijon ya ce ɓangaren mata aka miƙa shi, fankon kawai aka jefo waje. Kawu ya turo mini hoton da ya ɗauka daga bakin labule. Hoton ya daɗe yana juyawa kafin ya buɗe. Hannun wata mata ne da lalle, tana riƙe da katin da ya zo daga Sahara, mai farar roka da jan wuta a gindi, wanda aka zana da hannu. Ta ɗan lanƙwasa shi don ya fi ba da iska.

"Fifita suke da su," in ji Kawu. "Kullu, kowace da nata."

"To ka karɓo mana."

"In shiga wurin mata? Kina so a kwana da ni a wani wuri? Na yi magana daga waje, sun ce Hausata kamar ta mai ciwon haƙori. Ga babbarsu nan, ke ki yi."

Na ji an karɓi wayar, na ji numfashin tsohuwa.

"Salamu alaikum Hajiya. Katinan nan da kuka ɗauka ba na rabo ba ne, kuskure aka yi. A tattaro su a ba mutumin nan."

"Wace ce wannan?"

"Jikar mai su."

"Jikar mai su ba a koya mata gaisuwa ba?"

"Ina wuni. Hajiya, rana tana tafiya."

"Ai ranar muka zo tsayawa. Ke 'yar nan, kwali aka miƙo mana aka ce sabil. Mu muka ce a ba mu? Muka buɗe ba dabino, sai hotunan hasumiya masu kyau. Muka ce to, wannan ne rabonmu. Kowa ta ɗauka, har maƙwabta muka miƙa wa. Wasu sun sa a jakar fasfo za su kai wa jikoki."

"Ba hasumiya ba ce, roka ce."

"Ko jirgin ƙasa ne. Abin da aka ba mutum a Arfa, yana cikin harami, a dawo a ce ya fito da shi? A gidanku haka ake yi?"

Da na tsaya nan da ƙila an daidaita. Amma ina kallon hoton katin nan a lanƙwashe, sai na ce, "Hajiya, ai ba naku ba ne. Kayan mutane ne kuka rarraba."

Ta ɗauke wayar daga kunne ta faɗa wa tantin, ina ji. "Kun ji, wai kayan mutane muka rarraba. Mun zama ɓarayi a Arfa." Sai surutu ya tashi. Wata ta ce a ba ta wayar ta ji bakin marar kunyar. Wata ta ce a rabu da ita, yau ba ranar faɗa ba ce.

Muryar Kawu ta dawo. "Mabruk. Da ina da ƙofa, yanzu kin sa mata kwaɗo." Ya kashe.

Na zauna a matakalar. Inuwar tankin ruwa ta tsallake bango ta fara hawa gidan maƙwabta. Na sake kiran Kawu bai ɗauka ba. Na rubuta masa ya ce musu za a ba su dabino a madadi, ya amso a taƙaice, wai sun ƙoshi. Aka kira la'asar.

Na shimfiɗa wa Kaka darduma ya yi sallarsa a zaune. Ya shafa addu'a, ya gyara zama, ya miƙo hannu kamar kullum.

"Amarya, kawo mana."

Umma tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi. Na ce, "Yau a huta mana, Kaka, ga azumi."

"Tun hantsi nake jin ki a matakala. Ginin nan ba ya riƙe magana." Hannun bai sauke ba. "Kin yi wa matar mutane rashin kunya. Miƙo mini hulata, ki kira kawunki."

"Waya ce fa, Kaka, ba ganinka za su yi ba."

"Hulata."

Na ɗauko na sa masa. Ya gyara ta da kansa, ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa ya sake ɓallawa daidai. Na shiga kira. Lokacin ne kowa a Arfa yake neman gida don a yi addu'a tare, layi ya cushe. Ta shiga ta katse, ta shiga ta katse. Hasken taga ya fara yin ja. Kaka ya daina jan carbin.

Da Kawu ya ɗauka, a guje yake magana. Motocin alhazai sun fara jeruwa, mata suna ɗaure kaya, mushrif yana nemansa. Hajiyar kuma ta ce ba ta fitowa, wannan ce sa'ar addu'a, ba za ta ɓata ta a kan yarinyar da ba ta da tarbiyya ba.

Kaka ya karɓi wayar. "Ka ce mata ba yarinyar ba ce, tsohon ne. Ka buɗe sifika ka ba wata ta shigar."

"Ɗayyib, Baba."

Muka ji wayar tana tafiya daga hannu zuwa hannu, ana ta talbiyya, wata tana kuka a cikin addu'arta. Sai muryar nan.

"Na'am."

Kaka ya yi sallama cikakkiya. Ya tambaye ta gajiya. Ya tambaye ta zafi. Ya tambaye ta ƙafa, ko ta samu keken turawa a ɗawafi. Ya tambayi mutanen gida, da waɗanda suka rako ta filin jirgi, da damina. Ta ce daga ƙasar Katsina take, ya ce ya taɓa kwana a garinsu a kan motar gyaɗa, ya tambayi wata tsamiya a bakin kasuwa. Ta ce an sare ta tun tana goyon fari. Ya yi wa tsamiyar ta'aziyya. Ni ina tsaye ina tauna bakin gyalena, ido a kan cajin wayar, ido a kan taga. Na sunkuya na raɗa masa, "Kaka, katinan." Ya ture fuskata da bayan hannu.

"Yarinyar ɗazu tawa ce, Hajiya. A yi haƙuri. Kano muka aika ta karatu."

"Ai na ji bakin."

"To kin gani. Abin da ta faɗa ba daidai ba ne. Katinan nan naku ne. An ba ku a Arfa, sun zama halalinku, ni mai su na faɗa da bakina."

Na kai hannu zan fizge wayar, Umma ta riƙe mini wuyan hannu. Ban san tana da ƙarfi haka ba.

Kaka ya ci gaba. "Yanzu ni kuma roƙo nake. Tsoho ne ni, ba na gani, bana ban samu zuwa ba. Ku da Allah ya tsayar a wurin nan, duk wadda ta ga za ta iya, ta ba ni sadakar kati ɗaya. Don Allah. Wadda ranta yake so ta riƙe, babu komai tsakaninmu."

Umma ta sake ni ta juya fuska bango. Mutumin nan ko ruwa ba ya cewa a ba shi, gara ya lalubi bango har kicin. Da idonsa ya tafi, mutanen masallaci suka fara aiko masa da buhun shinkafa, ya sa Kawu ya mayar a kafaɗa. Ban taɓa jin kalmar sadaka ta fito daga bakinsa tana nufo shi ba.

Can ɓangaren, Hajiyar ta ɗaga murya.

"Kun ji. Bawan Allah ne, makaho, yake neman sadaka. Rana ba ta faɗi ba tukuna, mai so ta samu."

Sai na fara jin zif ana zugewa. Jakunkuna, lalitoci, leda tana ƙara. Wata ta ce, "Karɓi nawa, biyu ne." Wata ta ce a tashi wance, ta zauna a kan nata. Wata ta matso kusa da wayar.

"Malam, ni nawa na sa an yi mini rubutu a baya, addu'ar da aka ba ni saƙo, don kada in manta."

"Ba komai, Hajiya. Da ma da rubutun wasu a jiki."

"To a ba ni in ƙarasa karantawa tukuna."

"A ƙarasa."

Sai wata murya, ƙarama, ba ta tsohuwa sosai ba. "Ni dai gaskiya ina son nawa. Mai jan wutar nan. Na riga na ce na autana ne."

Na ga muƙamuƙin Kaka ya motsa. Ya san wanda take nufi, shi kaɗai ne mai jan wuta, kuma shi ne na farko da ya fara warewa a ɗakin Baturen. Na buɗe baki, Umma ta harare ni.

"Riƙe, Hajiya," in ji shi. "Allah ya raya auta."

Muka ji Kawu daga nesa yana cewa yalla, yalla, a miƙo leda ta ƙarƙashin labule. Muka ji wani namiji yana shelar a fito a hau mota. Sai layin ya mutu. Na sake kira, wayar Kawu a kashe.

Aka kira magariba ba mu san ko ledar ta iso hannunsa ba. Umma ta kawo ruwa da dabino. Kaka ya sha ruwan, dabinon ya juya shi a hannu ya ajiye. Ya cire hular ya ba ni.

"Na iya?" ya ce.

"Ka iya me?"

"Roƙo. Ban taɓa gwadawa ba."

Na ɗauke kofin na fita.

Washegari da hantsi saƙon Kawu ya shigo ta wayar wani abokin aikinsa, wai leda tana ƙarƙashin kujerar mota, kada a dame shi. Ko mene ne a ledar, ko guda nawa, bai faɗa ba. Na dame shi, bai amsa ba. Haka muka yi sallah. Mutane suna shigowa gaishe da Kaka, yana amsawa yana raha, in sun fita ya juya kunne wajen ƙofa duk lokacin da mota ta tsaya a layi.

Sai da aka gama jifa Kawu ya dawo, ya yi baƙi ya rame, muryarsa ta dishe. Bai ko cire takalmi daidai ba ya durƙusa gaban gadon ya sa wa Kaka ledar a cinya.

"Sāmihni, Baba, ka yafe mini. Wallahi na ɗauka tambarin kamfani ne."

"Ka yi musu godiya?"

"Suna gudun mota, ni ina gudun mushrif."

"To ka ci bashin godiya."

Ya kwance bakin ledar. Warin zufa da turare da man zafi ya taso. Katinan sun kumbura, wasu sun manne da juna, wani da tabon shayi, wani da shatin haƙori a gefe, ban san dalili ba. Kaka ya dinga ciro su ɗaya-ɗaya yana shafawa yana faɗin ƙasa, yana jerawa a kan bargo. Ni ina lissafin waɗanda babu a zuciyata. Fiye da rabi sun dawo. Na tsibirin nan mai hoton mutane a tsaye da gajeren wando babu. Cikin waɗanda na samo da musaya ma da yawa babu. Wasu matan lokacin roƙon suna wajen dutsen Arfa, wasu katinan kuma sun tafi tantin maƙwabta inda ba a ji roƙon ba.

Da ledar ta ƙare ya zura hannu ya bi kusurwoyinta, ya juya ta ya kakkaɓe. Sannan ya ninke ta ya sa a ƙarƙashin cinya.

Ya koma kan wani da ya riga ya ajiye, ya shafa bayansa da ɗan yatsa. "Wannan an danna masa biro. Me aka ce?"

Na karɓa. A ƙarƙashin rubutun Baturen da ya ce an ji shi tangaran, wata ta sa an rubuta mata da shuɗin biro, a karkace. Na karanta masa: a roƙa wa maƙwabciyarta haihuwa, a roƙa wa ɗanta aiki, a roƙa wa mijinta sauƙin ƙafa.

"Amin," in ji Kaka. "Akwai danshi a jikinsa. Kada ki sa su a rana, nannaɗewa za su yi. Ki jera su tsakanin tawul, kawunki ya ɗora buhun shinkafa a kai."

"Biron fa? Akwai abin da ke goge shi, na gani a waya."

"Ki goge, takardar ta bi shi. Bar shi."

Na bar shi. Suka kwana biyu a ƙarƙashin buhu, yawancinsu suka miƙe, wasu har yau da ɗan doro. Na gaya wa wadda muke musaya da ita a waje abin da ya faru, ta ce katin da aka yi wa sabon rubutu ya rage daraja a wurin masu tarawa. Na ce mata na ji.

Mai jan wutar kuwa na neme shi ko'ina, babu irinsa, tun da da hannu aka zana. Kaka ya ce yana nan lafiya a wani gida a ƙasar Katsina, ƙila an soke shi a jikin madubi. Ni cewa nake auta ya cinye shi tun a jirgi.